Shekarar da Muka Yaye Jinkar Mama Talatu

Jiya da la'asar aka yi ruwan farko na bana. Ina zaune a baranda ina ɓarar gyaɗa, zafi ya hana ko tsuntsu kuka, sai na ji iska ta juya ta zo da ƙamshin ƙasa. Kafin ɗigon farko ya taɓa kwano na riga na miƙe, ƙwaryar gyaɗa a hannu, ina bin rufin maƙwabta da ido gida-gida, ko akwai wanda aka bari a buɗe. Maiɗakina ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, koma ka zauna. Duk unguwar nan babu wanda ya yaye jinka." Ta san ciwon nawa. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan, kowane Afrilu sai ya motsa, kuma in ya motsa ba abin da nake gani sai wani tafin hannu a jikin bangon ƙasa, can wani ƙauye bayan Paikon Kore.

Na zo Abuja ne a shekarun farko bayan soja sun koma bariki, lokacin da garin ke girma kamar ana hura shi. Duk inda ka waiwaya ana haƙa rami ko ana zuba kankare. Hanyar da ka bi ranar Litinin cikin jar ƙasa, ranar Juma'a sai ka same ta da kwalta. An ƙara albashi, wayar hannu ta shigo, kowa na tafe da tasa a tafin hannu don a gani. Ni kuwa ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, aikina ɗaukar fayil daga teburin da ba a karanta shi ba zuwa teburin da ba za a karanta shi ba. Iyalina na baro su a ƙauyenmu, can arewa da Daura, na kama ɗaki ɗaya a Durumi.

Bazarar Abuja ba irin tamu ba ce. Zafin gida busasshe ne, ka shiga inuwa ka huta. Na Abuja jiƙaƙƙe ne, yana bin ka har cikin inuwar ya zauna kusa da kai. Da asuba in na dawo masallaci sai in tsaya jiran mai ruwa da kurarsa, in karɓi jarka biyu, ɗaya ta wanka da alwala, ɗaya ta sha da wanki. In yi wanka, kafin in ɗaura agogo gumi ya sake yi mini wani. In sha shayi a bakin hanya, in shiga bas, in wuni a ofis cikin sanyin na'ura, da yamma in dawo in tarar an ɗauke wuta, kwanon ɗaki ya tara zafin wuni yana jirana. Haka kwanaki ke wucewa, ɗaya kamar ɗan'uwansa, har na daina bambanta su.

Amma Asabar ita ce babbar wahala. Ranar Juma'a da an sallame sai garin ya zube kan hanyar Kaduna, manya su tafi gida, a bar mu marasa mota da tituna masu faɗi da babu kowa a kansu. In yi wanki, in yi guga, in kwanta a tabarma ina kallon rufi. Kewar gida ta dame ni ƙwarai a lokacin, ba ma ta mutane kaɗai ba. Hannuna ne ke kewar aiki. Na tashi da fartanya da lauje, ga shi yanzu abin da ya fi nauyi da nake ɗauka shi ne fayil.

Hajiya Rabi, shugabar sashenmu, mutuniyar Zariya ce mai yawan tsokana. Ita ta gano ni. Wata ranar Alhamis ta tsaya a gaban teburina ta ce, "Hamisu, kai ranar Asabar me kake yi ban da ƙirga ƙusoshin kwano?"

Na ce, "Hajiya, su ma na gama ƙirga su."

Ta ce, "To taso in kai ka inda za a more ka."

Ajin wata makarantar firamare ne a Utako, bayan kasuwa, nan wata ƙungiyar aikin sa-kai ke taro bayan la'asar. Mutane kamar ashirin na tarar, manya-manya, sun matsa kansu cikin bencin yara: likita, injiniyoyi, lauya, ma'aikatan banki, kusan dukkansu 'yan arewa da boko ya kawo Abuja. Ciyaman shi ne Alhaji Bukar, mutumin Gashuwa, darakta ne a wata hukuma, dogo, mai sanyin murya, ba ya rabo da kyamara a wuya. Aka karanta bayanin taron baya, aka gabatar da ni, aka yi mini tafi, aka ba ni koriyar riga da hular hana-salla. Sunan ƙungiyar na takarda dogo ne kuma da Turanci, amma duk inda muka je aiki 'Yan Asabar ake ce mana, don ba a taɓa ganin mu wata rana ba.

Ina son mutanen nan har gobe, gara in faɗa tun yanzu. Ba don a gani kawai suke yi ba. Kowannensu ya baro wani ƙauye da wata tsohuwa a cikinsa, kuma abin yana yi masa ƙaiƙayi a zuci. Muka kwashe magudanar ruwa a Durumi, muka yi wa azuzuwa fenti, muka gyara famfon burtsatse a ƙauyuka biyu. Da ƙarfe takwas a haɗu, da la'asar a watse, Alhaji Bukar ya ɗauki hoton kafin aiki da na bayan aiki. Ni kuwa ban jima ba na zama ɗan gaban goshi, don ni kaɗai ne ban manta yadda ake riƙe shebur ba. Injiniyoyi su tsaya suna nuni da yatsa, a ce, "Ina Hamisu?" Kaina ya kumbura har hular ta fara matse ni.

A wajen gyaran famfo ne likitanmu ya ga ɗakin Mama Talatu. Tsohuwa ce 'yar ƙabilar Gbagyi, mijinta ya rasu da daɗewa, 'yarta ɗaya tana aure a nesa. Jinkar ɗakinta ta lotsa a tsakiya, gara ta cinye ta. A taron Alhamis aka yanke shawarar a yi mata rufin kwano, aka raba aikin gida biyu kamar yadda muka saba. Asabar ta farko a yaye jinka, kafinta ya auna kan bango. Asabar ta biyu a zo da katako da kwano a rufe.

Hajiya Rabi ta ɗaga hannu ta ce, "Ciyaman, ruwa fa?"

Alhaji Bukar ya yi murmushi ya ce, "Haba Hajiya, yau biyu ga Afrilu fa. A Gashuwa sai Yuni ya tsufa muke fara kallon gabas."

Ni ma da ba a tambaye ni ba na sa baki. Na ce a garinmu ko tsakiyar Mayu aka yi yayyafi sai tsofaffi su ce shekara ta yi gaggawa. Aka yi dariya, aka wuce zuwa batu na gaba. Abin mamaki, wasu a cikinmu sun shekara goma a Abuja, sun sha ganin ruwan Afrilu a gilashin mota. Amma ruwan da bai taɓa jiƙa maka hatsi ba, ba ka riƙe ranarsa. Kalandar da ke kanmu ta gida ce, da ita muka zo, kuma ba wanda ya tuna ya sauya ta.

Ranar Asabar muka ɗauki hanyar Gwagwalada da mota uku. Har yanzu in na rufe ido ina ganin hanyar nan. Duwatsu sun yi shuɗi-shuɗi a nesa, kwalta tana rawa saboda zafi, mata sun jera tulin mangwaro a bakin titi, ƙudan zuma na yawo a kai. Bayan Paikon Kore muka sauka kan jar hanya. Gonaki hagu da dama cike da tudun doya, kowane da 'yar hular ciyawa a kansa don kada rana ta dafa irin da ke ciki. Matan Gbagyi suna tafe da itace a kafaɗa maimakon a ka, suna ɗan karkacewa gefe ɗaya. Muka ci karo da Fulani sun ɗaure kaya a kan bijimi, ƙore na lilo, sun miƙa arewa da shanunsu. Muka tsaya suka tsallake, Alhaji Bukar ya ɗauke su hoto, ba wanda ya tambayi kansa me ya tashe su.

Mama Talatu gajeriya ce, kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya ƙasa saboda shekarun ɗaukar kaya. Ta tarbe mu da ƙwaryar mangwaro da ruwan randa mai ɗanɗanon hayaƙi. Lokacin ƙarshen rumbu ne, ka ga gidan ka san ana auna tuwo, amma sai da ta tabbatar kowa ya riƙe mangwaro a hannu. Hausarta irin ta kasuwa ce, ba ruwanta da namiji ko mace, kuma tun daga farko ɗana take ce mini.

Ni da Alhaji Bukar muka shiga ɗakin da ita don mu fitar da kaya. Sanyi ya buge ni tun daga ƙofa, irin sanyin da ban ji ba tun da na baro ɗakin kakata. Duhu, ƙamshin dawa da tsohon hayaƙi. Da idona ya saba sai na ga abin. A bangon yamma, wanda ke kallon ƙofa, sama da gadonta na ƙasa, akwai tafin hannun mutum a nutse cikin yaɓe. Babban hannu ne mai faɗi, ƙaramin yatsansa guntu. Gefensa ya yi sulɓi yana ƙyalli, alamar an daɗe ana shafa shi.

Ta ga inda nake kallo ta ce, "Maigida ne. Ranar da ya gama yaɓe ya sa hannu. Ya ce in ya yi tafiya, ga shi nan." Ta nuna guntun yatsan. "Lauje ya ci wannan tun yana yaro."

Alhaji Bukar ya ce, "Mama, ba ki da hotonsa?"

Ta ce, "Ga hoto nan."

Ta ce kullum da safe in rana ta shigo ta ƙofa a kansa take fara sauka, sai ta gaishe shi kafin ta fita. Abin da ya rage mata na mijinta ke nan, babu wani. Alhaji Bukar ya ɗaga kyamara ya leƙa, ya ce duhu ya yi yawa, bari in an yaye rufi haske ya shigo sai ya ɗauka.

Na cire takalmi na hau tsani. Ina kan jinkar, na sa hannu zan ja dami na farko, sai na ji muryarta daga ƙasa.

"Ɗana, sauko. Bari sai kwano ya zo."

Na ce, "Mama, Asabar mai zuwa kwano zai zo, in sha Allahu."

Ta kare ido da hannu ta dube ni. Ta ce, "Sama ya san Asabar?"

Aka yi dariya, ita ma ta ɗan yi. Sannan ta nuna mana tururuwa sun yi layi a gindin bango suna hawa sama da fararen ƙwai a baki. Ta ce Fulani sun tashi, ta ce gwiwarta kwana biyu ke nan tana faɗa mata. Alhaji Bukar ya rusuna cikin ladabi ya yi mata bayani a hankali, cewa kafinta ba zai iya awo ba sai an buɗe kan bango, kuma kwana bakwai ne kacal. Ba ta ƙara gardama ba. Mutane sun zo da mota uku don su yi maka alheri, da wane baki za ka ce a'a? An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni ga ni a ƙololuwar ɗaki, gabas a buɗe gabana, ban ga komai ba sai farar sama.

Cikin awa biyu na gama da jinkar da ta shekara arba'in ana yi mata ƙari. Ciyawar ta ruɓe, tana zuba kamar baƙin gari, ƙadangaru da kunamu na gudu. Ko an so a mayar ba abin mayarwa, sabuwar ciyawa kuwa babu, don wutar rani ta cinye daji tuntuni. Mazan unguwar duk suna gona, sai da suka dawo suka tarar an gama. Maƙwabcinta, Bawa, ya tsaya ya kalli ɗakin a buɗe, ya kalli sama, ya yi mana godiya, ya kwashe kayanta zuwa ɗakin matarsa. Alhaji Bukar ya ɗauke ni hoto a kan bango, baƙi ƙirin da toka, ina washe baki. Ya ɗauki kafinta da awonsa, ya ɗauki taron ƙungiya. Muka shiga mota muna yabon kanmu.

Lahadi, Litinin, Talata, zafi ya kai inda ba a magana. Iska ta mutu. Ganyen mangwaro ya tsaya cak kamar an zana shi. Mai ruwa ya daina zuwa da wuri don layin famfo ya yi tsawo, na koma wanka da rabin jarka. Mutane na tafiya a hankali kamar masu barci a tsaye. Ni kuwa raina fari tas, ina jin daɗin tsamin da kafaɗuna ke yi, ina ganin a ƙarshe na yi wani abu da hannuna a garin nan.

Ranar Laraba bayan azahar ina hawa na huɗu ina jera fayil, ban ko ci abincin rana ba, sai na ga hasken ofis ya sauya. Na ɗaga kai. Gabas ta yi baƙi kamar gindin tukunya, daga ƙasa har sama, walƙiya na tsaga ta ba sauti. Abokan aiki suka taru a taga suna murna. Ni ma, Allah ya sani, murna na fara yi. Sai na ji mutum a bayana. Hajiya Rabi ce, ba alamar tsokana a fuskarta.

Ta ce, "Hamisu, ɗakin tsohuwar nan."

Ban san yadda na sauka bene huɗu ba. Ƙauyen babu sabis, balle a kira wani. A bakin ƙofar ma'aikata na tarar da motar Alhaji Bukar, ashe Hajiya ta riga ta kira shi. Bai gaishe ni ba, ya ce, "Shiga." Muka biya tashar Utako, wani direban babbar mota ya ji bayaninmu ya kwance tamfol ɗinsa ya ce, "Oga, ɗauka, in ka gama ka kawo." Muka cusa shi a but ɗin mota muka kama hanya.

Mu muna gudu yamma, hadari na bin mu daga gabas. Ina ganin sa a madubi yana haɗiye duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Bukar na tuƙi yana salati a hankali. Kafin mu kai Giri iska ta riske mu, ledoji da ganye suka tashi sama, sannan ruwa ya sauko gaba ɗaya, ya wuce mu, ya yi gaba. Daga nan na san mu ne ke bin sa. Bayan Paikon Kore jar hanya ta zama kunu, mota ta kafe. Muka fito muka ɗauki tamfol a kafaɗa, shi gaba ni baya, darakta guda da babbar riga jiƙe sharkaf, takalminsa ɗaya ya tsaya a taɓo bai ko waiwaya ba.

Ashe maƙwabta sun yi iya nasu. Tun ranar Lahadi Bawa ya rufe kan bangon da tsofaffin buhuna da zana, ya danne da duwatsu, iskar farko ta kwashe su ta zubar a gona. Muka same shi da wasu maza biyu suna kokawa da wata zana da iska ke fizgewa. Na leƙa ƙofa. Mama Talatu tana tsaye a kan gadonta na ƙasa, cikin ɗakin da ba rufi, ruwa na dukan bayanta. Ta ɗaga babban farantin silba da hannu biyu ta kifa shi a kan bango, daidai inda hannun yake. Jan ruwa na gangarowa daga saman bango yana bi ta bayan farantin yana fita ta ƙasa.

Muka jefa tamfol, mu biyar muka ja shi kan bango, iska na neman ɗaga mu da shi. Ba abin ɗaurewa, sai muka riƙe. Ni na shiga ciki na tokare tsakiya da hannu biyu don kada ruwa ya taru ya danne. Ban san tsawon lokacin da muka yi haka ba. Ƙarƙashin tamfol haske ya koma kore-kore, ruwa na kiɗa a kaina, ƙafafuna cikin taɓo har idon sawu. Ƙamshin ƙasar nan da nake so tun ina yaro ya cika ɗakin, sai dai wannan karon bangon mutum ne ke narkewa yake ba da shi. Hankalina ya tafi gida. Na ga mahaifina yana yaɓen rumbu, na ga hannunsa, na yi ƙoƙarin tuna yadda yatsunsa suke na kasa. Ina dawowa sai na ga tsohuwa har yanzu ba ta sauke faranti ba.

Sai da ruwa ya koma yayyafi ta sauke. Muka ɗaga gefen tamfol haske ya shigo. Yaɓen wurin ya zame gaba ɗaya ya zubo gindin bango. Ba tafi, ba yatsa ko ɗaya, sai tubali tsirara yana ɗiga.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta shafa wurin sau ɗaya, ta sauko, ta ɗauko ƙwarya, ta durƙusa tana kwashe jar lakar da ta zubo tana zubawa a ciki, a hankali, har da wadda ta maƙale a gefen gado. Alhaji Bukar ya kai hannu ƙirjinsa inda kyamara ke zama. A nan ya tuna, na ga lokacin da ya tuna. Ya ɗauki hoto sama da ashirin ranar Asabar, bai ɗauki hannun nan ba.

Ya durƙusa cikin taɓo ya ce, "Mama, ki yafe mana."

Ta rufe ƙwaryar da faifai. Ta dube mu daga sama har ƙasa ta ce, "Kun ci abinci?"

A ɗakin matar Bawa Mama Talatu ta ajiye mana tuwon dawa da miyar kuka, na san kuma nata ne na yamma. Yunwa ta ci ni tun safe, na ci, ina jin kunya, ban fasa ci ba. A waje gari ya yi sanyi, shinge, garar nan mai fukafukai, ya fito yana tashi daga ƙasa, kwaɗi sun fara, mutane na kiran juna daga gida zuwa gida suna barka da ruwa. Ita ma ta tsaya a ƙofa ta kalli gonaki ta ce, "Doya zai fito." Ban taɓa jin baƙin ciki irin na yammacin nan ba, ga shi duniya duk ta yi kyau.

Ranar Asabar kowa ya zo, har waɗanda ba su taɓa zuwa aiki ba. Ba wanda ya tsaya nuni da yatsa. Injiniyoyi suka ɗauki katako, likita ya riƙe tsani, Hajiya Rabi na miƙa ƙusa. Alhaji Bukar ya zo ba kyamara, kuma ban ƙara ganin ta a wuyansa ba. Kafin la'asar kwano ya hau, yana ƙyalli har ba a iya kallonsa. Ni dai na yi ta kauce wa ƙofar ɗakin.

Ana haɗa kaya sai na ji ta ce, "Ɗana, zo."

Na shiga. Ƙwaryar nan ce a kan gado, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Kwana uku tana yayyafa wa lakar ruwa don kada ta bushe. Ta ƙara mata ɗan ruwa da yankakkiyar ciyawa, ta cuɗa, ta miƙo mini.

Ta ce, "Ka iya yaɓe?"

Na ce na iya. Na hau gado na fara cike wurin, ina shafawa da tafi kamar yadda na ga ana yi a gida, har ya yi daidai da sauran bango. Lakar ta isa cif, ba ta rage ba. Zan sauko ta ce, "Sa hannu."

Na ce, "Mama, ni ne fa na yaye ɗakin nan."

Ta ce, "Na sani. Wanda ya yi yaɓe shi ke sa hannu. Haka maigida ya ce."

Na buɗe tafina na danna. Lakar da sanyi, ta shiga tsakanin yatsuna. Da na cire sai ga shi nan, hannun mai ɗaukar fayil, siriri, yatsu biyar cikakku. Ta hau gado ta matso da fuskarta kusa. Ta daɗe tana kallo. Ta ɗora yatsanta a wajen layin, ta zagaya inda tsohon yake kaiwa, ta tsaya a wurin ƙaramin yatsa.

Ta ce, "Nasa ya fi girma." Sannan ta sauko ta ɗauki ƙwaryarta. "Bar shi ya bushe."

Na ci gaba da zuwa wurinta har shekarar da ta rasu, ba lallai ranar Asabar ba. Duk lokacin da na shiga ɗakin nakan ga gefen hannun ya ƙara sulɓi, ban taɓa tambayar ta wa take gaisarwa da safe ba. Ƙungiya tana nan, yaranmu ne ke riƙe da ita yanzu, wayarsu na faɗa musu ranar da za a yi ruwa har da awa. An shimfiɗa kwalta a hanyar da motar Alhaji Bukar ta kafe, shi ma Allah ya yi masa rasuwa.

Jiya ruwan bai daɗe ba. Da ya ɗauke ina nan tsaye a bakin baranda, maiɗakina ta fito ta karɓi ƙwaryar ta ce na bar gyaɗa ta jiƙe. Na goge hannuna a riga, na buɗe tafin na duba. Ya tsufa, ya yi kanta, jijiyoyi sun fito. Har yanzu bai kai nasa ba.